Tsadar katako: bango ya tashi, rufi ya gagara

A Maraɗi ko Damagaram, a Tawa ko Yamai, duk wanda ya zaga sababbin unguwannin bayan gari zai ga gidaje birjik waɗanda bangonsu ya kai inda ake so, an bar gurbin ƙofa da na taga, amma sama a buɗe take. Wasu sun yi damina biyu a haka, wasu uku. Galibin masu su ba masu hannu da shuni ba ne: ƙananan ƴan kasuwa ne, da ma'aikata, da iyayenmu mata waɗanda suka yi shekaru suna zubin adashe kafin su mallaki fili. Sun yi lissafin siminti da yashi da ladan magini, lissafin ya fita. Da aka zo kan rufi da ƙofofi sai kuɗi suka ƙare, domin farashin da suka san katako da shi lokacin da aka haƙa tushe ba shi suka tarar ba da bango ya tashi.

Mun ga ya dace mu duba wannan al'amari tun daga tushensa, saboda da yawa daga cikinmu suna dakon ranar da katako zai koma yadda yake a da, alhali alamu ba su nuna cewa ranar tana tafe ba.

Katakonmu baƙo ne

Abin da ya kamata mu fara sani shi ne, ƙasarmu ba ta da dajin da ake yanko katako. Itatuwan da Allah ya hore mana, irin su gawo da aduwa da magarya da kalgo, suna ba mu inuwa da abincin dabbobi da makamashi, amma ba a tsaga su a samu dogon falanki. Kusan duk katakon da ke jibge a kasuwar Katako ta Yamai, wadda ta samo sunanta daga wannan haja, da wanda ke runfunan Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, daga ƙasashen gaɓar teku ya fito: kudancin Najeriya, da Benin, da Gana, da Kodebuwa.

Wanda ake kawowa Maraɗi da Damagaram yakan taso ne daga dazukan kudancin Najeriya, ya yi tafiyar kusan kilomita 1000 kafin ya sauka a kasuwannin arewa irin su Ƴan Katako ta Na'ibawa a Kano. Daga nan a sake lodi, a biyo ta Katsina da Jibiya a shigo ta Ɗan Isa, ko a biyo ta Daura a nufi Matamaye. Na Tawa yakan shigo ta Illela da Ƙonni. Na Yamai da Doso kuwa, hanyarsa ta gado ita ce wadda ta taso daga Kotonu ta ratsa Paraku, ta tsallaka gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya.

Ke nan falanki guda kafin ya kai hannun kafinta, mai injin yanka ya ci a cikinsa, mai injin tsaga ya ci, mai mota ya ci, ƴan dako sun ci sau biyu ko uku, an biya duwan, an kuma bar abin da aka bari a shingayen kan hanya. Mai runfar da muke yi wa ƙorafi shi ne na ƙarshe a layi, sau da yawa kuma rabonsa bai kai na waɗanda suka gabace shi ba.

Daji ya ja da baya

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko, wanda kuma ya fi kowane nauyi, shi ne dajin kansa yana ƙarewa. Kodebuwa, wadda a da ake yi wa kallon rumbun katakon yankinmu, tana da kimanin kadada miliyon 16 na daji a farkon ƙarni na 20. Ƙidayar da hukumomin ƙasar suka bayyana a shekara ta 2021 ta nuna abin da ya rage bai cika kadada miliyon 3 ba. Gonakin koko da na roba sun cinye mafi yawansa. A Gana da kudancin Najeriya ma labarin bai sha bamban ba. Itacen da a da ake samu a bakin hanya, yanzu sai an kutsa can cikin daji, kuma duk taƙin da aka ƙara kuɗi ne.

Bugu da ƙari, ba mu kaɗai ke neman wannan haja ba. Masu saye daga ƙasar Sin da Indiya da Turai suna zuwa da dalar Amurka da yuro, su zaɓi mai kyau su loda a jirgin ruwa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na madobiya. Buƙatarta a ƙasar Sin ta sa aka yi mata saran kawo wuƙa a Afirka ta Yamma, har aka sa ta ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar duniya ta CITES a 2017, sannan a 2022 aka dakatar da cinikinta tsakanin ƙasashe. Ba da madobiya ake rufin ɗaki ba, to amma idan katakon ƙwarai ya tafi ƙetare, kafintoci sukan koma kan mai bi masa, sai shi ma ya hau.

Wasu sun ji a rediyo cewa a Amurka farashin katako ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 2020 da watan Mayun 2021, lokacin annobar korona, sannan cikin ƴan watanni ya faɗo warwas. Gaskiya ne. Sai dai kada wannan ya ruɗe mu. Su suna da dazukan da suke dasawa suna sarewa, ga na maƙwabciyarsu Kanada, matsalarsu ta ɗan lokaci ce, da injuna suka koma aiki ta wuce. Tamu ta daban ce, domin itacen da ake tsaga jan katako daga cikinsa yakan ɗauki shekaru gommai kafin ya isa sara.

Hanya ta ƙara tsawo

Dalili na biyu shi ne hanya. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni ba za su manta da waɗannan watanni ba. Kafin a gama farfaɗowa, sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba kwanaki kaɗan bayansa. An ɗage takunkumin a ƙarshen Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka da Najeriya a watan Maris. Ta ɓangaren Benin kuwa, hukumominmu sun bar gadar Gaya a rufe bisa dalilan tsaro, 2024 ta ƙare, 2025 ta shigo a haka. Kayan da suka saba biyowa ta Kotonu sai aka karkata su ta Lome, su ratsa Burkina Faso su shigo ta Tera, cikin ayarin motoci da rakiyar soja. Hanyar ta fi tsawo, ta fi haɗari, mota kan yi makonni tana jiran ayari ya haɗu. Katako kaya ne mai cin wuri, saboda haka kuɗin mota yana da babban kaso a farashinsa.

A Najeriya ma abubuwa sun sauya. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. Injin yankan itace da fetur yake aiki, injin tsaga da manyan motoci da gazuwal, wanda shi ma ya riga ya yi tsada tun 2022. Za a ce ai naira ta faɗi, sefa ta yi ƙarfi a kanta, ya kamata kayan Najeriya su yi mana araha. Haka ne a lissafin ƴan canji. To amma abin da canji ya rage, hauhawar farashi a can da kuɗin mota sukan dawo da shi, sai ka ga sauƙin bai iso runfa ba.

Siminti ya sauka, katako bai bi shi ba

Daminar 2024 ta zo da ambaliyar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Alƙaluman hukuma sun nuna kusan mutum 400 sun rasa rayukansu, fiye da miliyon ɗaya da rabi kuma abin ya shafa. Gidaje dubbai sun rushe, Maraɗi na cikin jahohin da suka fi jin jiki, har daɗaɗɗen masallacin Birni na Damagaram ya faɗi a farkon watan Satumba. Ganin haka, a watan Oktoban 2024 magabata suka rage kuɗin siminti da kimanin kashi 35 cikin 100, tan guda ya koma jika 55 a Yamai.

An yi marhabin da wannan mataki, kuma ya yiwu ne saboda ana sarrafa siminti a cikin gida, a Malbaza da Badagishiri. Katako ba haka yake ba. Gwamnati na iya sassauta kuɗin duwan ko ta rage shingaye, amma ba ta da ikon yanke farashin itacen da ke tsaye a dajin wata ƙasa. Hasali ma, yayin da dubban iyalai suka tashi sake gina muhallinsu a lokaci guda, kuma siminti ya yi sauƙi, masu neman katako ƙaruwa suka yi.

Inda abin ke yi mana ciwo

Wani zai ce ai gidajen zamani a biranenmu a kan ƙarfe ake ɗora tol, ina ruwansu da katako? Akwai ruwansu. Ba a zuba kankare a ginshiƙi ko a kan ƙofa da taga sai an ɗaura falanki ya riƙe shi. Magini a kan katako yake tsayawa idan bango ya wuce kansa. Silin na buƙatar sanduna, ga ƙofofin cikin gida. Kuma ƙarfen shi ma daga waje yake zuwa, ta waɗannan hanyoyi da muka zana.

Mu ɗauka, a misali, kafinta ya ce aikinki zai ci sanda 30. Idan kowace ta ƙaru da dala ɗari kacal, jika 15 ke nan suka hau kan lissafi, ba a zo kan falanki da ƙusa ba. Ga mai sayar da ƙosai ko kayan miya, wannan zubin adashen makonni ne masu yawa. Idan ta ce bari ta jira ta tara, damina ta riske ta, bangon laka ya sha ruwa ya tsage, sai a koma gyaran abin da aka riga aka biya.

Wanda bai fara gini ba ma bai tsira ba. Mai gidan haya yakan ɗora abin da ya kashe a kan ɗan haya, mai shago ya ɗora a kan haja. Teburin da ake baza tumatir, da bencin mai shayi, da runfar kasuwar Dole ko ta Wadata, da amalanken jaki, duka katako ne. Uwar amarya ta fi kowa sanin yadda gado da kujeru suka koma. Kafintoci kuwa suna tsaka mai wuya: in sun faɗi farashin gaskiya mai aiki ya gudu, in sun rage sai su sa katako marar ƙwari, bayan shekara biyu a ce sun yi ha'inci. Hatta ƴaƴanmu da ke zaune a ƙasa cikin azuzuwan zana, rashin teburin makaranta yana da nasaba da wannan tsada.

Azara ma ta yi wuya

A karkara da tsofaffin unguwanni, da azara kakanninmu suka yi rufi, kuma sun san abin da suke yi, domin azarar giginyar da ta ƙosa gara ba ta cinta da sauƙi, takan yi shekaru aru-aru a kan soro. To amma giginya ba ta isa sara sai ta kwashe shekaru gommai. Babban dajinta da ya rage mana yana yankin Gaya, cikin Dallol Mawri, kuma ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Hausawa na cewa inuwar giginya na nesa ka sha, yau ga shi azararta ma sai mai hali. Talaka ya koma kan sandunan bedi da na turare, waɗanda in ba a yi musu magani ba gara kan gama da su cikin ƴan shekaru. Duk lokacin da katakon waje ya hau, gatari kan koma kan ƴan itatuwan da suka rage mana, mu kuma mun san abin da ke biyo bayan haka: iska da rairayi da zaizayar gonaki.

Dabarun da ke hannunmu

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ga mai shirin gini, shawara ta farko ita ce a fara lissafi daga sama. Kafin a haƙa tushe, a kira kafinta tare da magini su faɗi adadin katako da tol da ƙusa, a rubuta a takarda, a ware kuɗinsu. Ɗaki biyu rufaffu sun fi ɗaki huɗu da ke kallon sama.

Ta biyu, a sayi katako da rani. Da damina hanyoyin dazukan kudu sukan lalace, kaya su ragu a kasuwa, daidai lokacin da kowa ke rige-rigen rufe ɗakinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka saya da wuri a jera shi a inuwa, a kan duwatsu ko bulo, kada ya taɓa ƙasa.

Ta uku, a je kasuwa da ma'auni. Sanda biyu na iya zama suna ɗaya, farashi ɗaya, amma kaurinsu ya bambanta. A ɗaga a ji nauyi: ɗanyen katako ya fi nauyi, kuma idan ya bushe a kan gini yakan karkace ya ɗaga tol. A duba ƴan ramukan ƙwari da garin da ke zuba daga cikinsu. Farin katako ya wadatar wajen zuba kankare, amma ƙofa da duk abin da zai ɗauki nauyi suna son ja. Araha ba ta ado.

Ta huɗu, falankin zuba kankare ba dole sai an saya ba. Ana iya haya, ko maƙwabta masu gini su haɗa kuɗi su saya su yi ta karɓa-karɓa. A nan ma akwai ƙofar neman halali ga mai ɗan jari. Ƙungiyoyin mata, irin na Mata Masu Dubara da suka samo asali a jahar Maraɗi a 1991, suna iya haɗa buƙatun membobinsu su sara a dunƙule, domin farashin mai sayen ɗari ba ɗaya yake da na mai sayen biyar ba.

Ta biyar, a shafa wa katakon rufi maganin gara kafin a ɗora shi. Da yawa suna amfani da baƙin man mota, kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da sake rufi.

Gini ba da itace ba

Akwai kuma hanyar da ta kauce wa katako baki ɗaya. Tun shekara ta 1980, a Cikal da ke yankin Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina yadda ake rufe ɗaki da tubalin laka zalla, a yi shi baka ko tulluwa, ba azara ba tol. Dabarar ta samo asali daga yankin Nubiya na bakin kogin Nilu, kuma an horar da magina a sassa da dama na ƙasar nan. Irin wannan ɗaki yana da sanyi da bazara, kuɗinsa kuma yana tsayawa a hannun mai buga tubali da magini na gari. Sharaɗinsa biyu ne: a samu maginin da ya koyi aikin da gaske, a kuma riƙa duba yaɓe da indararo kafin kowace damina. Bayan abin da muka gani a 2024, tilas a ƙara da cewa kada a gina shi a kan hanyar ruwa, a kuma ɗaga tushensa.

Ba aikin ƙauye kaɗai ba ne. A Dandaji cikin jahar Tawa, ƴar ƙasarmu mai zanen gine-gine Mariam Issoufou ta tsara masallaci da kasuwa waɗanda aka kammala a 2018, da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji. Runfunan kasuwar na tubali ne, inuwarsu kuma ta ƙarfe. Ya kamata magadan gari masu shirin sake gina kasuwanni su leƙa can, ko don rage gobarar da ke lashe runfunan katako da dukiyar ƴan kasuwa.

Kira ga magabata da mu kanmu

Ga hukumomi, abin da ke hannunsu a bayyane yake: a sassauta haraji a kan kayan rufi kamar yadda aka yi wa siminti, a rage shingayen da ke tsakanin iyaka da kasuwa, a kuma sa ginin da ba ya cin itace cikin darussan cibiyoyin koyon sana'a. Duk wani ci gaba da aka samu wajen daidaitawa da maƙwabta a kan iyakoki, mai gini zai ji shi a aljihunsa.

Mu kuma talakawa muna da abin koyi a gida. A kwarin Majiya, cikin yankin Buza, layukan bedin da aka fara dasawa a 1975 domin tare iska sun zo sun zama wurin samun sandunan gini. A jahar Maraɗi aka fara sassaben zamani a 1983, wato manomi ya bar tohon itace a gonarsa ya riƙa gyara shi, kuma masana sun ƙiyasta cewa dabarar ta dawo da itatuwa kimanin miliyon 200 a kan kadada miliyon 5 a kudancin ƙasar nan. Waɗannan itatuwa ba za su ba mu jan katako ba, amma suna ba da sandar runfa da ta rumbu da ta shinge, su rage abin da muke kaiwa waje. Ɗan kasuwar da ke da gona a bayan gari, idan ya keɓe wani yanki ya dasa turare ko bedi, cikin ƴan shekaru zai fara sayar da sanduna. Itacen da muke dasawa kowace ranar 3 ga Agusta ma, da za a bi shi da ban ruwa da kariya daga awaki har ya kama ƙasa, da ƴaƴanmu sun tarar da abin rufa ɗaki a kusa.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowane mai kango ikon rufe ɗakinsa kafin ruwan farko.